Dan Allah a taimaka: waƙata ta yi nauyi, na rage ta kuma sautin ya lalace

Ɗan_Kurna:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana harkar sauti ku taimaka min da shawara, abin nan ya fara damuna sosai wallahi. Na yi wata waƙar biki, ta ƙanwata ce da za a aurar ƙarshen watan nan, minti 6 cif, kuma ba kiɗan fiyano zalla ba ne, mai kalangu na gaske na ɗauko ya shiga studiyo ya buga, aka sa kacau-kacau da tafi da 'yan amshi mata uku. Ranar da aka gama miksin aka kunna min a manyan sifikun nan na studiyo sai da tsigar jikina ta tashi, kana jin yadda mai kalangun yake matse tsirkiya yana saki kamar yana tsaye a gabanka.

To furodusan ya zuba min ita a filash, WAV ce, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, MB 63 da ɗoriya. Na tura a gurup ɗinmu na dangi a WhatsApp, mutum biyu ne kawai suka buɗe, sauran kowa cewa yake ba shi da data, gwaggona da ke Gumel ma kira na ta yi ta ce tun safe abin yake juyawa ya ƙi sauka. Sai na sauke wata manhajar konbatin waƙa zuwa MP3 a waya na zaɓi lamba mafi ƙanƙanta da na gani, 64, ta dawo MB 3 ba kaɗan, na ji daɗi na tura. Da na saurara da iyafis sai na ji kacau-kacau ɗin ya koma kamar ana murza leda, tafin ya zama wani shuu shuu, 'yan amshin kuma kamar daga cikin randa suke rerawa. Sai na ce bari in gyara, na ɗauki wannan ƙaramar na sake konbatin ɗinta zuwa 320 tunda an ce ita ce ƙarshe, ta koma MB 14 da wani abu amma sautin yana nan yadda yake a lalace, ko ɗigo bai gyaru ba.

Abin da nake son sani, wace lamba ce daidai wadda waƙa ba za ta yi nauyi ba kuma ba za ta lalace ba? Me ya sa 320 ɗin ba ta gyara komai ba? Sannan ina so in ɗora ta a Audiomack bayan biki, wacce zan ɗora a cikinsu? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan_Sauti_KD:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Kafin komai, WAV ɗin nan mai MB 63 tana nan ko ka goge? In tana nan ka kwantar da hankalinka babu abin da ka rasa. Ka ajiye ta wuri biyu, filash da kwamfuta ko Google Drive, kada ka taɓa ta, ita ce uwa, duk sauran daga jikinta za a cire su.

Bari in fara da tambayarka ta biyu don ita ce ke cin mutane da yawa. MP3 ba ninke sauti take yi ba, yanke shi take yi ta zubar. Kamar ka kai yadi goma wajen tela ya yanke ya ɗinka maka 'yar shara ya share ƙyallayen ya zubar, in ka dawo daga baya da babbar jaka ka sa 'yar sharar a ciki ai ba ta koma babbar riga ba, jakar ce kawai ta yi girma. Abin da ka yi kenan da ka mayar da 64 zuwa 320, fayil ya kumbura amma abin da aka zubar ya tafi, har ma ƙara lalacewa ta yi kaɗan don an sake bi ta kanta da almakashi karo na biyu. Wannan mai MB 14 ɗin goge ta kawai.

Yadda abin yake aiki kuwa, waɗanda suka ƙirƙiro MP3, yawancin aikin a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus aka yi shi, aka fitar da tsarin a 1993, sun dogara ne da raunin kunnen ɗan Adam. In kana tsaye kusa da injin markaɗe yana aiki ba za ka ji kukan sauro a kusa da kai ba duk da yana yi. To injin matse sautin yana bin waƙar gutsure-gutsure yana lissafin wane sauti ne wani ya danne wanda kunne ba zai ji ba, sai ya rage masa kulawa ko ya watsar da shi. In ka ba shi wadataccen wuri sai ya zubar da abin da ba a ji kawai. In ka matse shi, kamar yadda ka yi a 64 kuma sitiriyo, wato dama da hagu, dole ya fara zubar da wanda ake ji, sau da yawa ma a wannan lambar duk wani siririn sauti da ya haura wajen 11 kHz (kHz ma'aunin sirantar sauti ne) sare shi yake yi gaba ɗaya, shi ya sa ka ji kamar cikin randa. Kuma waƙarka irin wadda ke ba MP3 wahala ce, tafi da kacau-kacau da bugun kalangu sauti ne mai faɗowa farat ɗaya, shiru sai tas, MP3 kuwa ba ta iya kama bakin irin wannan bugun da kyau in wuri ya yi mata kaɗan, sai ta shafa shi ya bazu gaba da baya, wannan shi ne shuu shuu ɗin da ka ji. Da murya ce da fiyano mai laushi kawai da ba za ta tonu haka ba.

Lambar nan da kake gani, 64 ko 128 ko 320, sunanta bitiret, wato yawan bayanan da aka ware wa kowane sakan ɗaya na waƙar. Lissafin nauyin ba wuya, ka raba lambar gida 8 ka samu KB na sakan ɗaya, ka ninka da yawan sakan. Waƙarka sakan 360 ce. A 128 kenan KB 16 sau 360, MB 5.8 ba kaɗan. A 160 MB 7.2, a 192 wajen MB 8.6, a 320 MB 14.4. Ita WAV irin ta faifan CD, bitiret ɗinta 1,411 ne, shi ya sa kowane minti yake haura MB 10, ka ga inda 63 ɗinka ta fito.

Shawarata ba lamba ɗaya ba ce, don ba hanya ɗaya waƙar za ta bi ba. Ta dangi a WhatsApp ka fitar da MP3 128 kai tsaye daga WAV ɗin. In kana so ka ɗan ƙara mata saboda kacau-kacau ɗin ka yi 160, bambancin MB ɗaya da rabi ne ma bai cika ba. Ta ajiya da wadda za ka ba wanda ya damu da sauti ka yi 192 ko sama. Kuma dan Allah ka bar manhajojin wayar nan da ba a san asalinsu ba, ka samu kwamfuta ka sauke Audacity, kyauta ce, injin LAME ne a cikinta wanda shi ne aka fi yarda da shi a harkar MP3. Wajen fitarwa za ka ga Preset, ka zaɓi Standard, ita tana yawo ne tsakanin 170 da 210, inda kiɗa ya cakuɗe ta ƙara inda ya lafa ta rage, maimakon ta riƙa kashe wa shiru abin da take kashe wa amshi. Ni da ita nake fitar wa mutane mafi yawan aiki.

Audiomack kuma da YouTube da su Boomplay da Spotify, uwar za ka ba su, WAV ɗin, ko FLAC. Dalili su ma da kansu sai sun sake matse duk abin da ka ɗora kafin su ba masu sauraro, in ka ba su 128 sun matse matsattse kenan. FLAC ita ce mai ninkewa ba yankewa, tana rage kusan rabi ko ƙasa da haka kaɗan kuma in an warware ta komai yana dawowa daidai, to in data ce matsalar ɗorawa ka yi FLAC ka ɗora da daddare sau ɗaya an wuce wurin.

Mai_Tura_Waƙa:

Oga injiniya ya gama magana, ni dai zan ƙara abin da nake gani a teburina kullum, don sana'ata kenan tura waƙoƙi da finafinai da karatu a memori, shekara ta takwas kenan ina yi a kasuwar waya nan Kano. Ɗan'uwa ka tuna su waye za su ji waƙar nan. Ba a studiyo za su ji ta ba. Gwaggonka a rakani-kashi za ta ji ko 'yar rediyon nan mai cin memori, samari a sifikar adaidaita sahu, 'yan mata a MP ɗin bulutut suna wanke-wanke. Duk waɗannan wallahi 128 mai kyau ta ishe su har ta yi yawa, ni ban taɓa samun kwastoman da ya dawo ya ce min 128 ba ta fita ba, amma kullum sai an dawo min da ƙorafin memori ta cika. Memori mai GB 2 in waƙoƙi irin taka ne masu minti 6 a 128 za ta ɗauki wajen 340, in 320 ce ko 140 ba za ta kai ba, to ka ga wanne mai saye zai zaɓa.

Abu biyu da oga bai faɗa ba. Na ɗaya, wannan mai hawa da sauka ɗin da ya ce, Standard, tana da kyau a babbar waya ban musa ba, amma akwai tsofaffin rediyoyin mota da ƙananan wayoyi da take rikitawa, sai ka ga waƙar minti 6 ta nuna minti 11, ko ka ja gaba ta koma farko. Wadda za ta shiga hannun jama'a ka yi ta tsayayya, Constant ake rubutawa, 128, kuma MP3 dai, kada wani ya ruɗe ka da m4a ko wani abu, na sha tura m4a a dawo min da ita a ce rediyo ba ta gani ba.

Na biyu hoton da ake liƙa wa waƙa. Jiya-jiyan nan wani yaro ya kawo min waƙarsa minti 4 a 128 amma MB 9, na ce ba zai yiwu ba, da na buɗe ashe hoton fosta ne aka cusa a ciki yadda mai zane ya turo shi, shi kaɗai ya haura MB 5, ya fi waƙar nauyi. Ka rage hoton ya dawo kamar 500 a 500 ko 600 a 600, JPG, KB 100 ma ya isa. Kuma ka rubuta sunanka da sunan waƙar a cikin fayil ɗin ba a samansa kawai ba, don da ta fara yawo a Xender wani zai canja sunan ya sa nasa, ko ta koma AUD da lambobi ba wanda ya san mai ita.

DJ_Sabongari:

Ni fa gaskiya ban yarda da maganar 128 ɗin nan ba, ku yi haƙuri. Malam mai tura waƙa kana maganar rediyon hannu, ni kuma ina maganar ranar biki, ai waƙar biki ce ya ce. Ranar kamu ko dina a hol za a sa ta a sifiku masu ƙarfi da sabufa, a nan ne duk wani aibu yake fitowa fili. Na sha karɓar waƙar amarya ta WhatsApp ana saura minti goma a shigo da ita, in sa, sai ka ji saman waƙar ya mutu ba ƙyalli, in ka ƙara tirebul don ka ceto ta sai ta fara tsatsa tana soke kunne, mutane kuma DJ za su kalla su ce kayansa ne ba kyau. Mutumin nan ya biya mai kalangu ya biya studiyo ya biya 'yan amshi, a ce saboda MB 8 za a zubar da wannan wahalar? Ni a kwamfutata duk abin da bai kai 320 ba ba na ajiye shi. Data ai ana saye, sautin da ya tafi kuwa ba a sayo shi. Ɗan Kurna ka yi 320 ka tura wa kowa, wanda yake son ji zai sauke.

Injiniyan_Sauti_KD:

DJ maganarka ta hol gaskiya ce, kuma ma na fi ka tsanani a nan, ranar biki kada ya ba DJ 320 ɗin ma, ya kai masa WAV a filash hannu da hannu kwana ɗaya kafin ranar a gwada ta, tunda ba data za a kashe ba me zai sa a matse. Inda muka rabu shi ne a ce kowa sai 320. Ai ya gwada tura mai nauyi ka ga abin da ya faru, mutum biyu suka buɗe. Waƙar da ba a sauke ba ai ba a ji ta ba ko da wane irin kyau ne da ita.

Sannan waƙoƙin da kake karɓa suna tsatsa ɗin nan, ina tabbatar maka yawancinsu ba 128 ce ta kashe su ba, hanyar da suka biyo ce. An ɗora a YouTube ya matse, wani ya sauko da ita ta shafin da ke mayar da bidiyo MP3 ya sake matsewa, wata ta sa a sitatus WhatsApp ya sake, wani ya ciro daga sitatus ɗin ya konbata. Kafin ta iso gare ka an yanke ta sau huɗu. Kuma ka binciki 320 ɗin da ke kwamfutarka, da yawa na bogi ne irin wadda Ɗan Kurna ya yi da hannunsa bai sani ba. Akwai 'yar manhaja kyauta sunanta Spek, ka ja waƙa ka jefa a ciki za ta zana maka hoton sautin. 320 ta gaske za ka ga zanen ya hau har wajen 20 kHz, wadda aka kumbura daga 128 kuwa za ka ga an sare ta a miƙe wajen 16 kamar an sa reza, sama baƙi ƙirin, alhali a rubuce 320 ce. Ranar da na fara gwada wannan a kan tarin waƙoƙina raina ya ɓaci ƙwarai.

Tsakanin 128 da 320 a manyan sifiku, eh ana iya ji, musamman a irin wannan kiɗan. Amma tsakanin 192 mai kyau da 320 ina so ka gwada kunnenka ba tare da ka ga lambar ba. A foobar2000 akwai wani ƙari da ake sa masa, ABX, zai ɓoye maka wacce ce wacce ya ce ka canka, ka yi sau 16 ka ga sau nawa ka dace. In wajen 8 ka samu to canki-canka ka yi. Ko ka sa yaronka ya riƙa kunna maka kana juya baya. Mafi yawan mutane a nan suke tsayawa, ni ma haka, kuma kada mu manta kunnen da ya shekara goma a gaban sifika ba ya jin saman nan kamar na ɗan shekara 15, iyakar jin ɗan Adam wajen 20 kHz ne tun yana yaro kuma raguwa yake yi da shekaru.

Wani abu da ke jawo tsatsar da ka ce, wanda ba ruwansa da bitiret, shi ne mastarin, wato gyaran ƙarshe da ake wa waƙa, da ake cika wa wuta har ya daki silin. Furodusoshinmu suna son waƙa ta fi ta kowa ƙara sai su tura ta har 0 dB, wato iyakar ƙarar da fayil zai iya ɗauka, to in aka mayar da irin wannan MP3 kan sautin yakan ɗan haura sama da inda yake, sai ya fashe. Ɗan Kurna ka tambayi furodusanka ko ya bar sarari, ya sa silin ɗin a -1 dB. Spotify ma abin da suke ba da shawara kenan, kuma suna daidaita ƙarar waƙoƙi a wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙara ne, wato in ka cika mata wuta su da kansu za su rage ta, ka yi asarar bugun kalangun a banza.

'Yar_Damagaram:

Sannunku da ƙoƙari, na karanta duka na ƙaru. Ni a wani ƙaramin gidan rediyo nake aiki nan Zinder, kullum cikin aika sauti muke zuwa ƙauyuka inda rezo yake zuwa yana ɗaukewa, wani wurin sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya, to mun san zafin mega. Ƙanena akwai dabarar da ba a ambata ba kuma ita ce za ta yi wa gwaggonka amfani, wato mono. Kuskurenka ba 64 ɗin ba ce kaɗai, 64 sitiriyo ka yi, ka raba ɗan abin da bai isa ba wa kunne biyu. Salular gwaggo lasifika ɗaya gare ta, rediyo mai memori ma haka, to me za ta yi da dama da hagu? In ka haɗe su ya zama mono ka ba shi 64 ɗin nan gaba ɗaya, nauyin yana nan mega 3 ba kaɗan amma sautin zai yi kusa da na 128 sitiriyo, in ka yi 80 mono mega 3.6 kenan ya ƙara kyau. Mu wa'azi da hira da sanarwa duk a mono 64 muke aikawa, wani lokaci 48, ba wanda ya taɓa kuka.

Sai dai ka saurara bayan ka haɗe, don wasu masu miksin suna baza amshi dama da hagu da wata dabara wadda in an haɗe sai muryoyin su cinye juna su yi ƙasa. In ka ji 'yan amshinka sun nutse to ka koma wa mai studiyon ya duba, saboda haka nan za ta yi a duk salula mai lasifika ɗaya ko da 320 ce.

Akwai kuma Opus, shi ne wanda saƙon murya na WhatsApp yake amfani da shi, a 2012 aka fitar da shi kuma a ƙananan lambobi ya fi MP3 nesa ba kusa ba, waƙa a Opus 96 mega 4.3 za ta yi kuma da wuya ka ce ga aibunta. Tsakaninmu ma'aikata da shi muke aika wa juna. Amma ban ce ka raba wa dangi shi ba, maganar mai tura waƙa gaskiya ce, ƙananan salula da rediyon mota ba su san shi ba. Kuma in za ka aika a WhatsApp ka aika a matsayin Document, haka yake isa yadda ka aika shi ba a taɓa ba, tun 2022 ma har GB 2 yake ɗauka. Abin da nake roƙon mutane su bari shi ne kunna waƙa a wata salula a danna saƙon murya a ɗauka a wata, wallahi ana aiko mana da irin wannan a ce mu sa a iska, har kukan akuya ake ji a ciki.

Ɗan_Kurna:

Kai jama'a Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Oga injiniya WAV ɗin tana nan alhamdu lillahi, saura kaɗan in goge ta don ta cika min waya, yanzu na sa ta a Drive na kuma bar ta a filash. Jiya da daddare na je shagon abokina mai kwamfuta muka sauke Audacity muka fitar da guda huɗu daga uwar, 128 tsayayya, 160, Standard ɗin nan, da mono 80 kamar yadda Anti ta Damagaram ta ce. Na sa abokin nawa yana kunna min ina juya baya da iyafis a kunne. Gaskiya 128 na gane ta sau da yawa, a wajen minti na 4 inda tafi da kacau-kacau suke haɗuwa da amshi akwai ɗan laushi da take yi, amma ba ta lalace ba ko kusa, ba a haɗa ta da waccan ta farko. Tsakanin 160 da Standard da ita kanta WAV ɗin kuwa na kasa, canka kawai nake yi. Da muka kunna a sifikar waya duk ɗaya suke min har da monon.

To na tura 128 a gurup a Document, MB 5.8, na rage hoton ya dawo KB 80, kafin in kwanta mutum 23 sun sauke. Gwaggo na tura wa ɗanta mono 80 ɗin ya sa mata a memori, da safen nan ta kira tana ta sa albarka har ta haddace amshin. DJ kuma na ji maganarka, filash zan kai wa namu ranar Laraba mu gwada a hol ɗin.

Saura abu ɗaya, a monon na lura amshin ya ɗan yi ƙasa kamar yadda Anti ta faɗa, ba sosai ba amma ni na ji. Na kira furodusan ya ce zai duba, na kuma tambaye shi maganar -1 ɗin ya ce a 0 ya bar ta. In ya gyara ya ba ni sabuwar WAV, sai na sake fitar da duka daga farko kenan ko?

Injiniyan_Sauti_KD:

Eh ƙanena, daga sabuwar za ka sake fitar da su duka, aikin minti biyar ne tunda yanzu ka san hanya. Ka ce masa ya rage faɗin da ya ba amshin ya kuma danna mono a kan masta ya saurara kafin ya fitar, sannan silin a -1. Wadda ta riga ta shiga gurup ka bar ta, ba sai ka sa dangi sun sake kashe data ba, sabuwar ita za ka kai wa DJ ranar Laraba kuma ita za ka ɗora a Audiomack. Ka roƙe shi ya ba ka wadda ba murya ma, kiɗan zalla, a WAV, za ta yi amfani wajen shigowar amarya. In ka ɗora ka sanar da mu a nan, ina so in ji wurin nan na minti na 4.